Jijiyoyin Saƙo da Yadda Magunguna Ke Juya Su

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya su ne cibiyar mulkin jikin ɗan Adam, amma jijiyoyin saƙo ne ke isar da umarninsu. Tagwaye 12 suna fitowa daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 daga laka, su yi ta rassa har kan yatsa da bangon hanji. Hausa na kiransu jijiya kamar yadda take kiran hanyoyin jini, sai dai su labari suke kaiwa da komowa.

Wasunsu suna kawo jin zafi da sanyi da taɓi, suna kuma motsa gaɓar da mutum ya ga dama. Wasu kuwa ba sa neman izininsa: su ke riƙe da bugun zuciya, zufa, yawu, motsin hanji da buɗewar ƙwayar ido. Wannan rukuni na biyu ɓangare biyu ne, ɗaya na zaburar da jiki lokacin tsoro ko gudu, ɗayan na kwantar da shi ya narkar da abinci.

Jijiya ba ta manne da tsokar da take umarta. Akwai ɗan giɓi tsakaninsu wanda ido ba ya gani, kuma sinadari ne ke tsallaka shi da saƙon. Otto Loewi ya tabbatar da haka a birnin Graz na Ostiriya a 1921: ya tsokani jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta yi sanyi. Sinadarin shi ne asetilkolin, kuma binciken ya jawo masa lambar Nobel tare da Henry Dale a 1936. Ɓangaren zaburarwa ya fi aiki da wani sinadari daban, noradirenalin.

A wannan giɓi ne magunguna da yawa ke yin tasirinsu. Salbutamol, wanda masu asma ke shaƙa, yana kwaikwayon saƙon zaburarwa sai hanyoyin iska su buɗe, shi ya sa wani lokaci hannu kan yi rawa, zuciya ta yi sauri. Propranolol yana tare wannan saƙo, bugun zuciya ya lafa. Dafin kurare, wanda mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, yana hana asetilkolin isa ga tsoka, dabba ta shanye. A 1942 Harold Griffith ya yi amfani da shi a ɗakin tiyata a Montreal don sassauta tsokar majiyyaci. Allurar kashe zafi irin lidocaine, wadda ake yi kafin cire haƙori, ita jikin jijiyar take toshewa, saƙon zafin ya kasa wucewa.

Misalan da suka fi kusa da gida su ne fiya-fiya da zaƙami. Maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya galibi yana ɗauke da dichlorvos, wanda ke kashe sinadarin da aikinsa shi ne share asetilkolin bayan ya isar da saƙo. Sai asetilkolin ya taru, umarni ya yi ta maimaituwa ba tsayawa: yawu ya dalala, zufa ta karyo, ƙwayar ido ta tsuke, ciki ya ɓaci, majina ta cika ƙirji har numfashi ya gagara. Ba sai an sha ba, yana shiga ta fata da ta hanci, kuma abin takaici ne yadda ake yayyafa shi a ɗakin kwana ko a kan waken da za a ci.

Zaƙami kishiyar wannan yake yi. Atirofin da hiyosin da ke cikinsa suna toshe wurin da asetilkolin ke sauka, sai baki ya bushe, fata ta yi zafi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi gudu, fitsari ya riƙe. Da yake suna ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, mutum kan shiga sambatu da gane-gane.

Atirofin ɗin nan, tatacce kuma aunanne, shi likita ke yi wa wanda fiya-fiya ta kama, allura bayan allura, yana sauraron ƙirji har majinar ta bushe. Wannan ba ya mayar da zaƙami makari a gida, domin ƙarfin dafinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Abin da ke hannun dangi shi ne su tuɓe wa majiyyaci tufafin da maganin ya jiƙa, su wanke fatarsa da ruwa da sabulu, kada su sa shi amai ko su ɗura masa manja ko madara, su garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.