Kafin A Yi Wa Sabar Fomatin, A Leƙa Cikinta

A cikin birnin Kano, ko a ɗakin yankar katin asibiti ko a cibiyar rubuta jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, idan aiki ya tsaya amsa ɗaya ake ba mutum: babu netwok. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa sabar ce ta mutu, wato babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, wadda sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Da an kira mai gyara daga Beirut Road, abin da ya fi saurin faɗa shi ne bairos ya shiga, a yi mata fomatin. A ganina, a gari irin namu jikin na'urar ya kamata a fara tuhuma kafin manhaja.

Masu ƙera waɗannan injuna sun fi so a ajiye su a ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 27, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40. Ga ƙurar hunturu, wadda ba ta san ƙofa a rufe ba. Duk wanda ya buɗe sabar da ta shekara biyu a shagon da ke bakin titin Ƙofar Mata zai tarar da ƙura ta daskare a fukafukan fanka kamar auduga, iska ba ta ratsawa, na'urar kuwa idan ta yi zafi kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Sannan ga wuta, ana ɗaukewa ana kawowa, ana juyawa zuwa janareta. Wannan fizgar ita ke gajiyar da akwatin rarraba wutar na'urar, har kan ƙananan kafasitocinsa ya kumbura. Shi ya sa littafi da biro suka fi fomatin amfani. A rubuta lokacin da take mutuwa. Laifin manhaja yakan maimaita kansa a wuri guda, duk sanda aka yi aiki kaza. Sabar da ke mutuwa bayan azahar, ko daidai lokacin da aka tayar da janareta, ta riga ta faɗi ciwonta.

Wani zai ce ai manhaja ma tana kayar da aiki, ya kawo misalin 2025, lokacin da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amince cewa kuskuren sabunta manhaja ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas. Gaskiya ne, sai dai can injunan ba mutuwa suka yi ba, lissafi ne ya karkace. Wani kuma zai tuna binciken da Google ya fitar a 2007 kan faifan ajiya sama da 100,000, wanda ya nuna zafi bai kashe su yadda ake zato ba. To amma waɗancan faifai a ɗakuna masu sanyi da tsayayyar wuta suke, ba a shagon da rufin kwano ke gasawa ba. Binciken ma ya nuna kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka lalace ba su ba da wata alamar gargaɗi ba, don haka ko manhajar duba faifai ta ce lafiya lau, ba a wanke shi ba tukuna.

RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta na'urar, ya fi kowa iya ɓoye laifi. Wani bincike a kan injunan Google a 2009 ya gano sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna yin kuskure a shekara. Gwajinsa kyauta ne da manhajar MemTest86, amma sai an bar ta ta kwana tana aiki, abin da mai gyaran da ke sauri ba ya so. Idan ta nuna kuskure, a riƙa zare sanda ɗaya ana sake gwadawa, domin wanda ya canza RAM da faifai da akwatin wuta a rana guda, ko na'urar ta tashi, bai san wanne ya biya kuɗinsa a banza ba.