Haƙorin Mai Taɓin Hankali Ma Yana Ciwo

A Tsamaye da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, idan mai taɓin hankali ya ƙi abinci, yana dafe kunci, yana ihu cikin dare, sai a ce ciwonsa ne ya tashi. Wani ma a ɗaure shi a turu. Da wuya a sami mai cewa a duba bakinsa. Alhali sau da yawa haƙori ne ya yi kogo, ko dasashi ya kumbura, shi kuwa ba ya iya faɗa.

Akwai dalili. Magungunan da ke kwantar da irin wannan ciwo, kamar Largactil, sukan busar da baki. Yawu kuwa shi ne ke wanke haƙora dare da rana. In ya yi ƙaranci, ga shayi mai sukari, ga asuwaki an daina yi, sai haƙora su fara ruɓewa. Maganin farfaɗiya da ake kira fenitoyin kuma yakan sa dasashi ya yi kauri. Amma kada wannan ya sa a daina shan magani. A gaya wa likita, shi ya san yadda zai yi.

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Kware, akwai kuma likitocin haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hanya da nisa, ga tsoron 'yan bindiga, ga tsadar mota. Saboda haka in an yi tafiyar karɓo magani, a roƙi a duba bakin a tafiya guda. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin waɗannan bayin Allah na samun kulawa cikin mutunci.

'Yan'uwa, sauran aikin namu ne. Asuwaki ko buroshi safe da dare, yawan kurɓar ruwa, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. A lallashe shi, kada a danne shi. Kada a kai shi wurin masu cire haƙori a kasuwa. Fuska ta kumbura da zazzaɓi, asibiti ba jinkiri.

A Markus sura 5, Ubangijinmu Yesu ya je wurin mutumin da jama'a suka ɗaure da sarƙa. Zumuntar mata da matasa, in za ku ziyara makon nan, ku riƙa asuwaki. Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.