Birni Ko Bayan Gari: Shawarar Mai Iyali A Hanyar Gabas

Mutanen ƙasar Gaya da Ajingi sun daɗe da sanin hanyar gabas. Ta nan gardawa kan bi zuwa Barno neman tilawa, ta nan fatake kan kai tufafi su komo da kanwa, ta nan kuma maniyyata kan fita da matansu da 'ya'yansu, niyyarsu Makka. Kafin jirgin sama ya yawaita, mutum kan sayar da 'yan dabbobinsa bayan kaka, ya bi ta Azare da Fataskum zuwa Yerwa, ya ƙetare zuwa Fallomi wadda a ke kira Injamena tun 1973, ya wuce Abeshe ta ƙasar Wadai, sa'an nan ya shiga Sudan ta Jinaina. Tafiyar kan ci shekaru, kuma galibi guzuri kan ƙare kafin a ga Bahar Maliya. To, a nan ne mai ƙananan yara kan tsaya ya yi shawara: ya sauka cikin birni, ko kuwa ya koma bayan gari inda 'yan'uwansa su ka kafa ƙauyuka?

Birni, watau Umdurman da Hartum da Wad Madani, shi ne zaɓin mai sana'a. Kasuwa tana ci kullum. Tela ya sami ɗinki, mahauci ya hura wutarsa, har mutanen Sudan su ka karɓi kalmar agashe daga bakin Hausawa su ka sa wa gasasshen nama mai yaji. Malami kuwa ba ya rasa masu neman rubutun sha da addu'a, domin mutanen can suna girmama malaman yamma ƙwarai. Uwargida ta soya gyaɗa ta toya ƙosai. Asibiti yana kusa in yaro ya kwana da zazzaɓi, ga kuma jirgin ƙasa mai zuwa Bur Sudan, wanda ganinsa kaɗai kan tuna wa mutum abin da ya fito da shi daga gida.

Amma kuɗin haya ba ya jiran ciniki. Saboda haka ƙosan nan yarinya ce za ta ɗauka ta zaga da shi, yaro kuma ya tsare wutar tsire a lokacin da ya kamata ya riƙe allo. Ba a daɗewa uba zai yi wa ɗansa magana da Hausa ya amsa masa da Larabcin kasuwa. Waɗanda su ka gaza biyan haya su ka taru a kudancin Hartum, a unguwar bukkoki da a ke kira Ishash Fallata. Sun zauna nan shekaru da yawa ba da takardar fili ba, har hukuma ta tashe su a farkon shekarun 1990 ta mai da su wata unguwa can gefe.

Zaman bayan gari yana da asali mai daraja. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, su ka sauka a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa har yau. Da Turawan Ingila su ka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, su ka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya bukaci hannu, Hausawa kuwa manoma ne tun gida. Ƙauyuka su ka yi ta tsirowa a gefen magudanan ruwa. A can mutumin Ajingi kan tarad da abin da ya baro: zaure, da liman, da mai unguwa, da tuwon dawa, matarsa kuma ta sami tsofaffin da za su yi mata wankan jego.

Abin da ya fi jan malamai zuwa can shi ne karatu, kuma wannan wuri ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron ƙasar Kano da ruwayar Warshu ya ke buɗe baki, da rubutun alƙalamin kara irin na tsangaya. Makarantun allo na tsakiyar Sudan, waɗanda su ke kira halwa, sun fi karatu da ruwayar Duri, bugaggun Alƙur'anai na makarantun hukuma kuwa na Hafsu ne. Dukansu ruwayoyi ne ingantattu, babu mai musun wannan. Sai dai ƙolo mai shekara bakwai, in aka sauya masa ruwaya da hannun rubutu a tsakiyar izu, harshensa kan sarƙe, uban kuma ba ya iya yi masa tishi da dare. A ƙauyen Hausawa kuwa alaramma ɗaya ne da na gida. Wanda ya san dalilin da ya sa gardawa kan bar gari su kafa kiskadi a daji ba zai yi mamakin wannan zaɓi ba.

Duk da haka, kada a rufe wa mai karatu rabin magana. Ruwan magudana da a ke sha, a ke wanka, shi ne gidan tsargiya da sauro, yara kuwa su ne masu wasa a ciki. Lokacin tsinkar auduga allo kan koma rataye, domin hannun yaro ma kuɗi ne. Yawancin baƙi ba su sami gonar kansu ba, wadda a ke kira hawasha. Ƙodago su ke yi ko noman raba daidai, suna zaune a sansanin ma'aikata da a ke ce wa kambo, inda makaranta da asibiti su ke da wuyar samu. Ga kuma batun takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898, alhali yawancin Hausawa bayan Burmi su ka iso. An sassauta dokar daga baya, amma yaron da aka haifa a kambo ba a rubuta haihuwarsa ba ya fi ɗan birni shan wahalar tabbatar da kansa.

Wani mai bincike, Bawa Yamba, ya zauna da waɗannan jama'a a Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar har jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suna kiran kansu matafiya a kan hanya, wasu ma suna ƙin gina gida mai ƙarfi don kada ya zama alamar an fasa niyya. Wannan hali ya fi ƙarfi a ƙauye. Birni kan mai da jikan Bagaye ɗan Sudan, ƙauye kuwa ya bar shi Bahaushe mai jiran guzuri.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada zaɓin duka biyu. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Blue Nile a kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da yawa a wajen Rusairis da Damazin, Hausawa manoma su ka bar gidajen da kakanninsu su ka kafa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da rundunar RSF, mutanen birni su ka kwashi yara su ka gudu Wad Madani da ƙauyukan kewayenta, wurin dangin da su ka zaɓi bayan gari. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya biyo su can, birnin ya faɗi, bai koma hannun soja ba sai Janairu 2025.