Ko Kun Sani?

Rigakafin WannaCry, cutar kwamfutar da ta girgiza duniya, ya riga ta fitowa da kusan wata biyu. Tun ranar 14 ga Maris, 2017 Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da ta bi. Ranar 12 ga Mayu ta ɓarke, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, ana neman fansar dala 300 kafin a sakar wa mutum bayanansa. A Ingila sai da asibitoci suka ɗage ganin marasa lafiya. Dalili shi ne dubban mutane sun yi ta jinkirta sabunta Windows.

Wannan darasi ya shafi masu shagunan buga takardu da cike fom, musamman da yake Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Data na da tsada, gaskiya ne, amma asarar bayanan abokan ciniki ta fi ciwo. 'Yan kasuwa, ku sabunta kwamfutocinku da shafukanku na intanet yau.