Soyayyar da Soja Ya Haramta: Abubuwan Ban Mamaki a Bayan Finafinan Bariki

Tun kafin maganar ta zama ruwan dare, masu shirya finafinai ke komawa bariki suna neman labarin sojan da ya so ɗan'uwansa namiji a inda doka ta hana. Matsayin addini da na doka a wajenmu sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan finafinai yana da labarin gaskiya a bayansa, kuma sau da yawa na gaskiyar ya fi na fim ɗin ɗaure kai. Rundunonin da ke neman jinin matashi a fagen daga su ne kuma ke bin diddiginsa da dare.

Mu fara da Firebird na 2021. An gina shi a kan littafin da wani ɗan wasan kwaikwayo na Rasha, Sergey Fetisov, ya rubuta game da rayuwarsa: yana ƙaramin soja a wani sansanin jiragen yaƙi na Tarayyar Sobiyet a Estoniya cikin shekarun 1970, ya kamu da son wani matuƙin jirgi mai suna Roman. A zamanin, dokar da aka kafa tun mulkin Stalin a 1934 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar, kuma sai 1993 Rasha ta soke ta. Darakta Peeter Rebane da jarumin fim ɗin, Tom Prior, sun je har Mosko sun zauna da Fetisov suna sauraron labarin daga bakinsa. Allah bai nufa ya gani ba, ya rasu a 2017, kafin a fara ɗauka.

Labarin 'yan Sobiyet ne, darakta ɗan Estoniya, jarumi ɗan Ingila, an kuma yi shi da Turanci. Wanda ya fito a matsayin matuƙin jirgin yaƙin Sobiyet ɗin, Oleg Zagorodnii, ɗan Yukren ne. Lokacin da ake haska fim ɗin a sinimomin Amurka da Birtaniya a 2022, shi yana Kiyef, jiragen Rasha na gaske suna shawagi a kan ƙasarsa. Ƙasashen biyu da labarin ya haɗa kuwa sun raba hanya tuni: a Nuwamban 2023 kotun ƙolin Rasha ta saka fafutukar masu neman jinsi ɗaya cikin jerin tsattsauran ra'ayi, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Estoniya ta zama ta farko cikin tsoffin ƙasashen Sobiyet da ta halatta musu aure.

A nahiyarmu akwai Moffie na 2019, daga Afirka ta Kudu, kuma a nan ne zan ɗan jima. Labarin ya faru ne a 1981, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ke tilasta wa kowane matashin farar fata yin aikin soja na shekara biyu, ana kwasar su zuwa iyakar Angola. Sunan fim ɗin zagi ne na harshen Afirkans, wanda kofur ke jifan duk yaron da ya ga alamar rauni a tare da shi. Daraktan, Oliver Hermanus, ba farar fata ba ne. Ya fito daga cikin mutanen da wannan runduna ta danne, amma ya zauna ya yi fim a kan abin da aka yi wa yaran da aka ba bindigar dannewar. Ni a ganina wannan ne ƙarfin fim ɗin: ya nuna yadda ake fara murƙushe yaro kafin a tura shi ya murƙushe wasu.

Abin da fim ɗin ya taɓo a gefe ya fi komai muni. A asibitin soja da ke kusa da Pretoria akwai ɗaki mai lamba 22, inda ake kai sojojin da ake zargi. Ana nuna musu hotunan maza, a jona musu wutar lantarki, wasu kuma a ɗirka musu magungunan kashe sha'awa, duk da sunan magani. Likitan ƙwaƙwalwar da sunansa ya fi fitowa a wannan aiki, Kanal Aubrey Levin, bai tsaya gaban kotu a Afirka ta Kudu ba. Ya tattara ya koma Kanada a tsakiyar shekarun 1990, ya ci gaba da duba marasa lafiya. A 2013 wata kotu a Calgary ta same shi da laifin cin zarafin maza marasa lafiya ta hanyar lalata, aka yanke masa shekara biyar. Ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauke shi da ɓoyayyiyar kyamara. Yaran ɗaki na 22 kuwa, da yawansu sun tsufa da tabon ba wanda ya ba su haƙuri.

Amurka ta zo da nata salon a 1994: kada a tambaye ka, kada kai ma ka faɗa. Dokar ta yi aiki har 20 ga Satumban 2011, kuma an kori sojoji fiye da 13,000 a ƙarƙashinta. Cikin waɗanda aka sallama har da gwanayen Larabci, a daidai lokacin da rundunar ke neman tafinta ruwa a jallo a Iraƙi. Elegance Bratton, wanda ya shirya The Inspection a 2022, ya rayu a cikin wannan doka. Mahaifiyarsa ta kore shi daga gida yana ɗan shekara 16, ya yi kusan shekara goma ba shi da matsuguni, sannan ya shiga rundunar Marine, inda aka ba shi aikin ɗaukar hoto da bidiyo. Wato sojan ne ya miƙa masa kyamarar da ya zo ya ba da labarinsa da ita. Mahaifiyar ta rasu kafin a ɗauki fim ɗin, Gabrielle Union ce ta fito a matsayinta.

Akwai na mata ma. Kanal Margarethe Cammermeyer ma'aikaciyar jinya ce da ta yi yaƙin Biyetnam har ta sami lambar yabo, uwar 'ya'ya huɗu. A 1989 ana yi mata tambayoyin tantancewa don ƙarin girma, aka tambaye ta ko mata take so, ta ƙi yin ƙarya. Aka sallame ta a 1992, kotu ta mayar da ita a 1994. Glenn Close ta fito a matsayinta a Serving in Silence na 1995, ta ci kyautar Emmy da shi.

Gajeru guda uku. A Reflections in a Golden Eye na 1967, inda Marlon Brando ya fito a matsayin manjo mai ɓoye abin da ke ransa, Montgomery Clift aka so ya yi rawar, har Elizabeth Taylor ta sa kuɗin aikinta jingina saboda kamfanonin inshora sun ƙi shi, sai ya rasu a 1966. An fara sakin fim ɗin da launin zinariya, kamfanin ya janye shi ya mayar da launi na yau da kullum. Darakta Nagisa Oshima na Japan, bayan shanyewar ɓarin jiki, ya tashi ya yi Gohatto a 1999, labarin kyakkyawan saurayin da ya rikita rundunar samurai ta Shinsengumi a Kyoto cikin 1865, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe. A Ostiriya kuwa, Eismayer na 2022 labarin gaskiya ne na mai horar da kurata wanda kowa ke shakkarsa saboda tsanani. Ya ɗaura alaƙa a hukumance da wani tsohon kurtunsa a 2014, su biyun sanye da kayan sarki.

Masu kallon finafinan Indiya za su so jin wannan. Onir, wanda ya shirya My Brother Nikhil da Juhi Chawla a 2005, ya rubuta labari a kan wani manjo na gaske mai son maza da ya ajiye aiki. Tun 2020 ma'aikatar tsaron Indiya ke son ta fara ganin duk labarin da ya shafi soja. A farkon 2022 ta ƙi amincewa da nasa, duk da cewa kotun ƙolin ƙasar ta cire abin daga jerin laifuka tun 2018. Dokar farar hula daban, ta bariki daban.

Birtaniya ba ta ɗage nata haramcin ba sai Janairun 2000, shi ma bayan kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a kanta a 1999. An ƙwace wa wasu lambobin yabonsu, wasu sun yi zaman kurkukun soja, sai a Yulin 2023 Firayim Minista Rishi Sunak ya ba su haƙuri a gaban majalisa. A Koriya ta Kudu, inda aikin soja ya zama dole ga kusan kowane namiji mai lafiya, sashe na 92-6 na dokar soja har yanzu yana tanadin ɗaurin da ya kai shekara biyu, kuma a Oktoban 2023 kotun tsarin mulki ta sake tabbatar da shi karo na huɗu, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu.