Ina Not Ɗinka Na SS1? Manhajojin Da Ke Adana Karatu A Kwamfuta

Ɗalibin da ya kai SS3 yana shirin WAEC ko NECO, darussa takwas ko tara ne a gabansa. Kowane darasi yana cinye littafin not aƙalla ɗaya a shekara, irin su Bayoloji da Gwamnati ma har biyu. Ku lissafa da kanku: a shekara uku littattafan sun haura ashirin. Wani ruwan damina ya jiƙa shi, wani gara ta fara yi masa aiki, wani kuwa aboki ne ya ara tun zangon farko, har yau shiru. A ce ma duk suna nan garau a cikin akwati. Idan aka ce ka nemo shafin da malamin Gwamnati ya yi bayanin Tsarin Mulkin Richards, minti nawa za ka ɗauka kana buɗe-buɗe?

Saboda irin wannan wahala aka ƙirƙiro manhajojin adana not a kwamfuta. Aikinsu shi ne su ajiye abin da ka rubuta, su jera maka shi, sannan su fito maka da shi da zarar ka buga kalma ɗaya. Na san da yawanku ba ku da kwamfutar kanku, sai ta ɗakin kwamfuta na makaranta, ko laftof ɗin Yaya idan ya zo hutu. Duk da haka maganar ta shafe ku. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Kuma a jami'a ba wanda zai cika allo ya tsaya yana jiran ku gama kwafa. Lakcara zai yi magana ya fita, sauran bayanin ya biyo baya a fayil ta zauren WhatsApp na aji, ya nutse a ƙarƙashin saƙonnin barka da Juma'a. Wanda ya iya tattara kayansa tun daga sakandare shi ke shan iska a can.

OneNote: littafin da ba ya cika

Wadda za ku fi saurin cin karo da ita ita ce OneNote ta kamfanin Microsoft. Ta fito a 2003, kuma tun 2014 aka mayar da ita kyauta. Tsarinta ba baƙo ba ne ga ɗan makaranta: akwai littafi, a cikin littafin akwai sassa, a cikin kowane sashe akwai shafuka. Sai ka buɗe littafi ka sa masa suna SS2, ka yi wa Kemistiri sashe, ka yi wa Lissafi nasa, kowane darasin da aka yi ya samu shafinsa. Shafin ba ya ƙarewa, kuma duk inda ka danna a kansa za ka iya fara rubutu, ka liƙa hoto, ka zana jadawali. Da kanta take adana abin da kake rubutawa, don haka in an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ba za ka yi asarar rubutun awa guda ba.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne bincike. Danna Ctrl da E tare, ka buga kalmar da kake nema, za ta leƙa duk littattafanka ta jero maka wuraren da kalmar ta fito. Har rubutun da ke cikin hoto tana iya karantawa, muddin na bugawa ne kuma hoton ya fita tas. Rubutun hannun wasu malamai a kan allo kuwa, mu da muke zaune a ajin ma da ƙyar muke karantawa, kada a ɗora wa na'ura laifi.

Tana buƙatar asusun Microsoft, kuma tana ajiye kwafin aikinka a ma'ajiyarsu ta intanet mai suna OneDrive, inda ake ba kowa gigabait 5 kyauta. Idan ba data, ka ci gaba da rubutunka. Ranar da ka hau intanet za ta tura abin da ya taru.

Wa ke riƙe da makullin ɗakin?

Kafin ku zuba karatun shekara uku a kowace manhaja, akwai tambayar da ya kamata ku yi: a ina rubutun nan yake kwana? A cikin kwamfutarka, ko a manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa?

Ku ji abin da ya faru da Evernote, mai tambarin kan giwa. Tun 2008 ta yi tashe, miliyoyin mutane suka tara rubutunsu a ciki kyauta. A farkon 2023 wani kamfanin Italiya, Bending Spoons, ya kammala sayenta. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, sai ga sabuwar doka: mai amfani da ita kyauta ba zai wuce not 50 da littafi ɗaya ba. Ba a goge wa kowa tsohon rubutunsa ba, amma wanda ya riga ya wuce hamsin ba shi da damar ƙara sabo sai ya biya, ko ya kwashe kayansa ya ƙara gaba. Not hamsin kuwa, ɗan SS1 mai himma zai cika su kafin hutun tsakiyar zango.

Notion ma, wadda ɗaliban jami'a ke yayi saboda kyan jadawalinta, an gina ta ne a kan intanet. A watan Satumban 2024 kamfanin ya daina hulɗa da masu amfani da ita a Rasha saboda takunkumin Amurka, aka ba su wa'adi su sauke rubutunsu kafin a rufe. Ɗalibin da ke can bai yi wa kowa laifi ba, amma ɗakin ba nasa ba ne. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ba ina cewa a guje su ba ne. Duk manhajar da za ku ɗauka, ku fara duba ko tana da ƙofar fita, wato hanyar fitar da rubutunku zuwa fayil da wata manhajar za ta iya buɗewa. Ku gwada ƙofar tun not ɗinku bai fi goma ba.

Bajamushen da ya tara kati dubu casa'in

Ni dai a yau Obsidian na fi so, kuma dalilina yana komawa ga wani mutum da bai dogara da kwamfuta ba. Niklas Luhmann malamin nazarin zamantakewa ne a Jami'ar Bielefeld ta Jamus, ya rasu a 1998. Ya bar littattafai kimanin 70 da maƙalu kusan 400. Ya kuma bar akwatunan katako masu aljihu, cike da ƙananan takardu kusan 90,000 da ya rubuta da hannunsa. Kowace takarda tunani ɗaya take ɗauke da shi, tana da lambarta, kuma a jikinta yakan rubuta lambobin wasu takardun da suke da alaƙa da ita. In ya zaro ɗaya, ita za ta tura shi ga ta biyu, ta biyu ta tura shi ga wata da ya rubuta shekara goma baya ya manta da ita.

Obsidian, wadda Shida Li da Erica Xu suka fitar a 2020, wannan dabarar ta ɗauko. Ga yadda za ta yi wa ɗan ajin Gwamnati aiki. Ka buɗe not ɗaya ka sa masa suna Lugga, ka rubuta abin da ka fahimta game da shi. Ranar da aka koyar da haɗewar Arewa da Kudu ta 1914, ka buɗe sabon not, in ka zo sunan Lugga sai ka sa shi cikin baka biyu masu kusurwa, haka: [[Lugga]]. Nan take sunan ya zama ƙofa, kana dannawa sai ga ka a wancan not ɗin. Haka za ka yi a darasin Tarihi idan an zo cin Kano da Sakkwato a 1903, haka a darasin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Bayan wata biyu, in ka buɗe Lugga, manhajar za ta nuna maka duk wuraren da ka ambace shi, daga darussa biyu, daga zanguna daban-daban. Littafin takarda ba zai taɓa yi maka wannan ba, domin shi a jere yake tafiya, Litinin sai Talata.

Haka za ka ƙulla tsare-tsaren mulki: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttleton 1954, kowanne da not ɗinsa, kowanne yana nuna abin da ya gyara a na gabansa. Tambayar da ke cewa a kwatanta biyu daga cikinsu ta zo maka gida ke nan.

Sannan Obsidian a cikin kwamfutarka take ajiye komai, a folda ta yau da kullum, kowane not fayil ne na zallar rubutu wanda ko Notepad zai buɗe. Ba ta neman asusu, ba ta neman data bayan an sauke ta. Zallar rubutu kuma ba shi da nauyi: shafi mai haruffa 2,000 bai fi kilobait biyu da ɗan wani abu ba, ke nan hoto ɗaya mai megabait biyu ya kai nauyin shafuka kusan dubu. Aibinta shi ne ranar farko za ta yi maka kama da kango, ba ado, ba mai nuna maka hanya. Kuma idan kana son kamfanin ya riƙa daidaita maka rubutu tsakanin waya da kwamfuta, wannan na kuɗi ne. Wanda yake son tsari mai sauƙi irin na littafi da shafi, kyauta kuma, ya duba Joplin.

Kada ku jefar da biro

A 2014 wasu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa ɗaliban jami'a sauraron lacca, wasu suna rubutu da hannu, wasu a laftof. Masu laftof sun fi tara kalmomi, amma yawanci kwafar maganar mai lacca suke yi kalma da kalma. Da aka zo tambayoyin da ke buƙatar fahimta, masu biro suka fi su. Har an gargaɗi wasu masu laftof ɗin kada su kwafa kai-tsaye, hannunsu ya ƙi ji. Wasu masanan da suka maimaita gwajin a 2019 ba su ga tazara mai yawa haka ba, don haka ba a rufe muhawarar ba. Amma kowannenmu ya san ana iya kwafe allo guda cif hankali yana filin ƙwallo.

Shi ya sa shawarata ita ce a aji ku riƙe littafi da biro yadda kuka saba. Kwamfuta ta zama zama na biyu. Da yamma, ko ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta, ka karanta not ɗin, ka rufe littafin, ka buga abin da ka gane da kalmominka, ko da Hausa ne, ka bar kalmomin fannin yadda za su zo a jarrabawa. Inda ka cije, nan ne ba ka gane ba, sai ka sa alama ka tambayi malam gobe. Kada a bar shi ya kwana biyu: tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu.

Akwai kuma tsarin da Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya fito da shi a shekarun 1950, yana shiga kwamfuta daidai. Ka raba shafi gida biyu da jadawali: gefen dama mai faɗi na bayani, gefen hagu siriri na tambayoyi, a ƙasa kuma layi biyu ko uku na taƙaitawa. A hagu: wane sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro? A dama: macen Anopheles, ƙwayar cutar kuma Plasmodium. Lokacin bita sai ka kare dama da takarda, ka amsa da baki. Tara hotunan littafin aboki a folda, ko kwaso shafi guda daga intanet a liƙa, wannan tari ne kawai, irin na mai cika rumbu da buhunan da bai taɓa kwancewa ba.

Abu biyu da suka shafe mu musamman

Na farko, haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta k daban, ƙ daban. Idan yau ka rubuta ƙasa, gobe ka rubuta kasa, yawancin manhajojin nan za su ɗauke su kalmomi biyu, ka nemi ɗaya su ɓoye maka ɗayar. Windows tana da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa a sashen harshe, a waya kuma Gboard na da shi. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta, musamman a sunayen not.

Na biyu, kwamfutar haɗaka. Idan ta makaranta ce ko ta shagon intanet, kada ka bar asusunka a buɗe ka tashi, kuma kada ka yarda ta riƙe maka kalmar sirri. Kada ka bar kwafinka ɗaya tilo a cikinta, domin ana iya wanke ta kowane lokaci ba tare da an yi maka sallama ba. Folda irin ta Obsidian tana tafiya a filash, amma filash ma yana ɓata, kuma yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan yana kwaso masa cutar nan da ke ɓoye fayiloli. Saboda haka duk ranar Juma'a ka dunƙule foldar ka tura wa kanka ta imel, ka sa kwanan wata a sunanta. In zallar rubutu ne, datar da za ta ci ba ta kai ta kallon bidiyon minti ɗaya ba.