Hattara da Sojojin Baka, Kada Su Mayar da Kukanmu Hajar Siyasa

Wata sana'a ta shigo yammacin Zamfara tana cin matasanmu, daga Anka zuwa Bukkuyum, daga Adabka zuwa Gummi. Ba ta neman gona, ba ta neman rumfa a kasuwa, jarinta waya ce da kaifin baki. Ana biyan mutum ya zagi wanda ubangidansa ya tsana, ya wanke wanda ubangidansa yake so, ko da kowa ya san inda gaskiya take. Masu yin ta su ne sojojin baka da muka saba ji a rediyo, da ƙannensu 'yan data da suka cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. A wani wuri ana iya ɗaukar wannan a matsayin hayaniyar siyasa da za ta wuce bayan zaɓe. A ƙasar da jana'izar waɗanda 'yan bindiga suka kashe ta zama ruwan dare, wasa da labari wasa ne da rai, shi ya sa nake wannan gargaɗi.

Kada a fahimce ni a baibai. Sukar shugaba haƙƙin talaka ne, kuma wani lokaci wajibi ne a kansa. Gwamna da sanata da ɗan majalisa da ciyaman duk kujerar jama'a suke kai, kuɗin jama'a suke kashewa. Manomin Gwashi da ya tambayi dalilin da ya sa sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa, bai yi wa kowa rashin kunya ba. Magidancin Gummi da ambaliyar 2024 ta rushe wa gida, ya tambayi inda tallafi ya maƙale, yana kan daidai. Toshe irin wannan baki zalunci ne. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai a Gusau a watan Oktoban 2022, ciki har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, kuskure ta yi babba. Ɓacewar Abubakar Idris Dadiyata, mai sukar masu mulki, wanda aka ɗauke daga gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, tabo ne da har yanzu yake damun duk mai lamiri a Arewa. Abin da nake gargaɗi a kai daban ne: sukar haya, wadda ake saye ana sayarwa.

Gane ta ba wuya. Mai sukar gaskiya ciwon yake kallo, ko wane ne a kan kujera. Sojan baka kuwa sai ya duba jam'iyyar mai mulki kafin ya san ko zai yi kuka ko zai yi shiru. In an kai hari a zamanin ubangidansa, sai ya ce ƙaddara ce, a yi ta addu'a, masu magana kuma 'yan adawa ne da ba sa son zaman lafiya. In irin harin ya faru a zamanin abokin hamayya, sai ya ɗora hoton gawa tun kafin a yi mata sutura, ya rubuta sunan gwamna a ƙarƙashi. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Mutanen yankin suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A irin wannan rata ce kasuwar sojan baka take ci: na gwamnati ya rage adadi, na adawa ya ƙara, uwar da ta binne ɗanta kuma babu mai tambayarta sunansa.

Ɓarna ta farko da wannan sana'a take yi mana ita ce kashe amincin labari. Idan aka yi ta yaɗa tsohon bidiyo ana cewa na jiya ne, aka ɗauko hoton wata ƙasa aka ce Nasarawar Burƙullu ce, to ranar da mutumin ƙauye zai kira da gaske ya ce ga babura nan sun fito daga daji, sai a ce siyasa ce. Jami'in da ya kamata ya tashi da gaggawa ya samu uzurin jinkiri, ɗan jaridar Abuja ya yi shakkar bugawa. Mun san darajar wannan waya. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, mutane sun riƙa ƙetarawa jihohin maƙwabta domin kawai su ji muryar 'yan'uwansu. Hanyar da muka sha wuya da aka rufe ta, yanzu da hannunmu muke cika ta da ƙarya.

Ɓarna ta biyu ta fi muni, domin jini take jawowa. A yankinmu babu ƙazafin da ya kai a ce wane yana kai wa 'yan bindiga rahoto, ko yana da hannu a cikinsu. Manyan 'yan siyasar jihar nan sun daɗe suna jifan juna da wannan zargi, har ta kai Bello Matawalle, yana gwamna, ya rantse da Alƙur'ani a 2021 cewa ba shi da alaƙa da su. Babba yana da jami'an tsaro a ƙofar gidansa, yana da lauya. Amma idan yaro mai waya ya kwaikwayi manya ya laƙa wa kansila ko mai unguwa ko ɗan kasuwar garinsu wannan suna, don kawai ba jam'iyyarsu ɗaya ba, to ya rataya masa abin da zai iya kai shi kabari kafin a yi bincike. A Jihar Filato, a watan Yunin 2018, hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen hura wutar da ta ci rayukan matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Magana zarar bunu ce, kuma a inda makami ya yi yawa a hannun jama'a, ba a samun damar janye ta.

Sai mu tambayi kanmu: daga ina kuɗin yake fitowa? Siyasar Najeriya ta yi tsadar da mai gaskiya ba ya iya shiga. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sayar da na gwamna miliyan 21. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000, sai ya tara albashinsa na kusan shekara 28 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya sayi fom ɗin majalisar wakilai na miliyan 10. Wannan fom ne kawai, ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan motoci da allunan talla da taliya da atamfa ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade cewa ɗan takarar gwamna kada ya kashe fiye da naira biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, kuma kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Wane ɗan takara ne ya taɓa zuwa Bukkuyum ko Anka ya karanta wa jama'a sunayen waɗanda suka ba shi kuɗi da abin da ya kashe?

A cikin wannan duhu ake ware kason sojojin baka. A watan Janairun 2023 binciken BBC ya bankaɗo cewa jam'iyyun siyasa a Najeriya suna biyan masu tasiri a kafafen sada zumunta a asirce domin su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, wasu da kuɗi, wasu da alƙawarin muƙami ko kwangila. Manyan da ke birane su ke kwasar mai tsoka, na ƙauye a tura masa kuɗin data da na shayi. Haka kuma muke jin wai matasa sun yi karo-karo sun saya wa wane fom. Matasan da ba su da aikin yi, waɗanda iyayensu ke gudun hijira, ina suka samo miliyoyi? Mai hankali ya san hannun da ya bayar ba shi ne ake nunawa a hoto ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗan kwangilar da ya zuba miliyoyi a yaƙin neman zaɓe bashi ya bayar, kuma daga kuɗin rijiyar burtsatse da maganin asibiti da rufin ajin firamare za a biya shi, har da riba. Dubu biyar ɗin da ta shigo wayarka yau, ƙanena, daga aljihun ƙauyenku za a zare ta gobe, ninki ba ninki.

Kuma ka dubi tarihin jihar nan ka ga wanda kake ɓata zumuncinka dominsa. An zaɓi Mahmud Aliyu Shinkafi gwamna a 2007 a ƙarƙashin ANPP, ya koma PDP yana kan mulki. Rikicin zaɓen fid da gwani tsakanin ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Garba Marafa ya kai ga Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a ranar 24 ga Mayun 2019, jam'iyyar ta rasa dukkan kujerun da ta ci. Matawalle da ya hau a PDP ya koma APC a watan Yunin 2021, aka yi ta takun-saƙa tsakaninsa da Yari, daga baya suka sasanta kafin zaɓen 2023 da Dauda Lawal ya lashe. A kowane juyi, manya sun zauna a falo ɗaya sun gaisa sun ci abinci. Yaran da suka zagi iyayen juna dominsu su aka bari da gaba a unguwa, da kunyar haɗa sahu a masallaci, da rubutun da ba ya gogewa daga intanet. In kuma abin ya kai ga 'yan sanda, aka ɗauko Dokar Laifukan Intanet ta 2015, yaron ne zai kwana a bayan kanta. Ubangida sai ya ce bai aike shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yankin nan namu ya fi kowa sanin abin da murya mai gaskiya take iya yi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Aka tsabtace wasu ƙauyuka, aka bar Bagega, inda yara kimanin 1,500 suke jiran magani, alhali likitocin ƙungiyar MSF ba za su iya fara ba su magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da aka warkar zai koma ya sake shaƙar gubar. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, kuɗin suka ƙi fitowa wata da watanni. Sai wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka kafa gangamin Follow The Money, suka shiga Bagega, suka ɗauko bayanan gaskiya, suka riƙa tambayar hukuma tambaya ɗaya: ina kuɗin da aka alƙawarta? Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka mara musu baya. A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka tsabtace garin, aka fara yi wa yara magani. Ba su zagi uban kowa ba, ba su ƙirƙiri adadi ba, ba su yi wa wata jam'iyya aiki ba. An saurare su ne domin babu wanda ya iya cewa sayen su aka yi. Da a ce 'yan haya ne, da an ce siyasa ce, an watsar da maganar, yaran Bagega suna ci gaba da mutuwa.

Don haka, matasan Anka da Gummi da Bukkuyum, na san talauci gaskiya ne, na san noma ya zama kasada, amma mutuncinku shi ne jarin da ya rage a hannunku, kada ku sayar da shi. In kuna son siyasa, ku yi ta da hujja: ku bi kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku, ku ɗauki hoton aikin da aka ce an gama alhali ba a gama ba, ku rubuta sunan gari da rana, ku tambayi ɗan majalisarku ko da jam'iyyarku ɗaya da shi. Kafin ku tura saƙo gaba, ku tambayi kanku wa ya gani da idonsa, yaushe abin ya faru, kuma wa zai cutu in ƙarya ne. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma hana mu giba da jifan juna da munanan laƙabi. Waya ba ta cire kowa daga wannan hukunci ba.

Malamanmu, Allah Ya gafarta muku, ku sa wannan a huɗuba, kuma ku tsare mumbari daga zama reshen ofishin jam'iyya. Iyayenmu sarakuna, Allah Ya ja zamaninku, ku kira 'yan takarar kowane ɓangare ku ɗaure su da alƙawari a bainar jama'a cewa ba za su yi siyasa da gawa ba, ba za su yi wa kowa ƙazafin haɗa kai da 'yan bindiga ba tare da hujjar da za ta tsaya a kotu ba. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku wanda yake sa musu data da abin da suke yi masa. 'Yan siyasa kuma ku ji tsoron Allah, kuɗin da kuke ɗaukar 'ya'yan talakawa hayar zagi da su, sun isa su koya musu sana'a. Mu kuma masu zaɓe, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu mu tambaye shi wa ya ba shi kuɗin takara da abin da ya yi masa alƙawari. Wanda ya kasa amsawa, kada mu ba shi amanarmu.